Jigo da Ƙwayar Magana: Abin da Muke Nema ga Yaro In Mun Ce Ya Karanta

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa a ƙarƙashin matanin da ake ba ƴan makaranta su karanta, tun daga kolej har ajin ƙarshe na lise. Ta farko takan ce: a kan me wannan matani yake magana? Ta biyu kuma: mene ne babban abin da marubucin yake son ya faɗa? Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun BEPC a gabansa ya san abin da ke biyo baya. Yaro zai amsa ta farko da kalma ɗaya, ya ce "haƙuri". In ya zo ta biyu sai ya sa wa kalmar babbar riga, ya ce "marubucin yana magana a kan muhimmancin haƙuri cikin rayuwar ɗan Adam". Amsa ɗaya ce aka bayar sau biyu, ta biyun tsawo kawai ta fi. Masu gyara da yawa sukan ba da maki su wuce, don takardu suna da yawa, rana kuma tana yi.

A ganina wannan wucewa tana da tsada, kuma ba a ranar jarrabawa ake biyan kuɗinta ba. Yaron da ya bar hannun malamansa bai iya raba tambayoyin nan biyu ba, zai riƙa sanin inda magana ta dosa, amma ba zai riƙe abin da aka ce ba. Wanda kuwa bai riƙe abin da aka ce ba, ba shi da halin ya yarda bisa sani, ba shi da halin ya ƙi bisa sani.

Abin mamaki shi ne babu yaron da bai san wannan bambanci ba tun kafin ya taka ƙofar lakol. Uwa ta aiki ɗanta mai shekara 7 gidan maƙwabciya a kan rancen hatsi. Ya dawo, ta ce masa, "Me ta ce?" In ya amsa da cewa, "Inna, maganar hatsi ta yi," ba rabin maki za ta ba shi ba, kunnensa za ta kama ta mai da shi. Ta riga ta san maganar hatsi ce, ai ita ta aike shi. Abin da take jira shi ne ko za a ba ta tiya biyun ko ba za a ba ta ba, yau ko sai bayan kasuwa, da kuma irin fuskar da aka faɗi maganar da ita. Hatsi shi ne jigo. "Ta ce yanzu ba ta da shi, amma in maigidanta ya buɗe rumbu ranar Juma'a za ta aiko," wannan ita ce nake kira ƙwayar magana. Haka abin yake a gaban alƙali: mai shaidar da ya ce "na ji suna maganar gona" bai ba da shaida ba tukuna, sai ya faɗi wanda ya ce ya sayar da wanda ya ce jingina ce.

Wato jigo suna ne, ana iya faɗinsa da kalma ɗaya ko biyu: haƙuri, yaƙi, kishiya, ci-rani. Ƙwayar magana jimla ce cikakkiya, mai ɗauke da hukunci a kan wannan suna. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina guda ne: abin da ka rubuta, wani zai iya miƙewa ya ce maka "ban yarda ba"? Babu mai musun "haƙuri", kamar yadda babu mai musun "dutse". Amma ka ce "haƙurin matar nan shi ya ba mijinta damar ci gaba da cutar da ita", nan take aji zai rabu biyu, kuma rabuwar ita ce alamar an taɓo magana.

Wannan ilimi ba cikin jirgi ya zo mana ba. Almajirin zaure da ya fara nahawu da Ajurruma, littafin Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, abin da zai fara cin karo da shi shi ne sharaɗin fa'ida: lafazi ba ya cika zance sai ya amfanar, masu sharhi kuma suka ce amfanarwa ita ce a kai inda mai sauraro zai iya yin shiru ba ya jiran ƙari. Daga nan zai koyi mubtada'i da habari, wato abin da aka ɗora magana a kansa da labarin da aka bayar game da shi. Ka ce wa mutum "Zaidu" ka tsaya, zai zuba maka ido yana jira. Shehu Abdurrahman al-Ahdari na ƙarni na 16, mai ɗan littafin nan na ibada da muke kira Ahalari, wanda da wuya a samu unguwar da ba a karanta shi a ƙasar Hausa, yana da wani littafi na mantiƙi mai suna Sullam. A ciki an raba sani gida biyu: tasawwuri, wato ka kawo surar abu cikin zuciyarka, da tasdiƙi, wato ka yanke cewa abu kaza haka yake ko ba haka yake ba. Tushen rabon yana komawa ga Aristo, wanda ya nuna cewa suna shi kaɗai ba ya zama gaskiya ko ƙarya sai an jingina masa hukunci. Masana nahawun Faransanci su ma suna da nasu tagwayen, thème da propos. Malamin lakol da malamin zaure, da sun zauna tabarma ɗaya a kan wannan batu, da sun tarar darasi ɗaya suke koyarwa ba su sani ba.

Sai dai a Hausa kalmar jigo kanta tana da hannu cikin ruɗanin. Manazarta adabi na jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato, waɗanda daga wurinsu muka karɓi yawancin kalmomin nazari, sukan bayyana jigo da cewa saƙo ne, ko manufa, ko abin da rubutu ya ƙunsa. Kalma ɗaya ke nan aka ɗora wa kaya biyu. Tsarin feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya rage matsalar, da yake bai tsaya ga ambaton jigo ba, yana neman a kawo furucin jigon daga cikin waƙar sannan a warware shi. Amma abin da ke isowa aji, bayan ya bi ta hannu da yawa, jerin sunaye ne: jigon wa'azi, jigon soyayya, jigon siyasa, jigon gargaɗi. Yaro ya haddace jerin kamar yadda ya haddace sunayen jihohi, ranar jarrabawa ya zaɓi wanda ya fi kama da matanin. Manoman garka sun fi mu sanin asalin kalmar. Jigo shi ne itacen nan da ake kafawa bakin rijiya, guga a gefe guda, nauyi a ɗaya gefen, wanda injin ban ruwa ya kora daga fadamu da yawa. Da shi ake ɗebo ruwa, gaskiya ne, amma ba a taɓa jin albasar da ta sha jigo ta yi kai ba. Don haka na bar wa jigo aikinsa na farko, na nemi wata kalma ga na biyu. Wanda ke da wadda ta fi "ƙwayar magana" dacewa ya kawo, za a karɓa.

To me ya sa yaron da ya iya isar da saƙon hatsi yake kasa isar da saƙon shafi guda? Dalili na farko harshe ne. Ana iya gano jigon matani ba tare da an fahimci matanin ba, kuma akwai dabarar da ake koyarwa don haka: ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka yi ta dawowa, ka tara masu dangantaka, in ka ga rijiya da ƙishirwa da busasshiyar gona da mushen dabbobi, ka san maganar fari ake. Dabara ce mai amfani, sai dai ko wanda ke tuntuɓe a kowace jimla zai iya ta. Ƙwayar magana kuwa ba ta zama cikin manyan kalmomi. Tana fakewa cikin ƙananan da ido ke tsallakewa: amma, sai dai, ko da yake, duk da haka, da ma, ashe. A Hausa, yaro ɗan shekara 10 ya san "ashe" tana rushe abin da aka gina kafinta, ya san "wai" tana nufin mai magana ya zare hannunsa daga abin da yake faɗi. A Faransanci kuwa sai ya kai lise bai ji nauyin pourtant ko certes a jikinsa ba. Ya san fassararsu a ƙamus, amma bai san cewa marubucin da ya buɗe sakin layi da certes shirin juyawa yake yi ba. Sai ya ɗauki ra'ayin da marubucin ya kawo don ya kayar da shi, ya rubuta cewa shi ne ra'ayin marubucin. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a aikin taƙaita matani, kuma shi ne mafi muni, don ya mai da mutum mai goyon bayan abin da ya tashi yaƙa.

Hujjar makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, tun daga ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, ita ce yaro ya fara koyon karatu cikin harshen da yake tunani da shi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu wuri a makaranta tare da Faransanci, kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma doka ba ta shiga aji ta ba da darasi. In aka ɗauko dabarar jan layi aka juya ta Hausa aka tsaya nan, za a samu yara masu tsallake "amma" cikin harshen da suka sha a nono, abin da ya fi na da ban takaici.

Dalili na biyu ya fi wuyar magani, don daga tarbiyya ya fito, kuma tarbiyya mai kyau. Yaranmu sun tashi sun ga duk labarin da babba ya bayar yana ƙarewa da darasi. Saboda haka in aka matsa musu aka ce jigo bai isa ba, a kawo jimla, sai su sa hannu cikin jakar darussan da suka zo da ita daga gida: a yi haƙuri, a bi iyaye, ƙarya ba ta da kyau, kowa ya yi nagari don kansa. Jimla ce kam, har ana iya musunta. Aibinta ɗaya, ba daga matanin ta fito ba. Tun kafin a buɗe littafin take cikin aljihu.

A gwada su da tatsuniyar gyare da tururuwa, wadda ta buɗe littafin farko na tatsuniyoyin Bafaranshen nan Lafonten, na 1668. Gyare ya ƙare lokacin yalwa yana waƙa, sanyi ya zo ba shi da ko ƙwaya, ya je rance wurin tururuwa, ta hana shi ta kuma bi shi da gatse. Kusan kowane ɗalibi zai rubuta cewa marubucin yana koya mana aiki da tanadi. Alhali Lafonten bai ɗora darasi ko ɗaya a ƙarshen wannan tatsuniya ba, abin da ya faɗa da bakinsa game da tururuwa kuwa shi ne ba ta ba da aro, ya kuma lissafa hakan cikin aibobi. Ruso, a littafinsa na tarbiyya Emile na 1762, ya lura da abin da malamai ba su son lura da shi: yaro ba ya son ya zama wanda aka wulaƙanta cikin labari, don haka tururuwa zai ɗauka abin koyi, ya koyi rowa da gatse, a tatsuniyar hankaka da dila kuma bayan dila zai bi. Ruso ya yanke cewa a raba yara da tatsuniyoyin. Ban bi shi har can ba. Kakanninmu ba su hana mu gatanar Gizo ba, alhali Gizo maƙaryaci ne mai haɗama, kuma sau da yawa yana tsira da abin da ya ci. Wanda ya ce ƙwayar gatanar Gizo da giwa da dorina ita ce "yaudara ba ta da kyau", bai saurara ba. Gizo ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, kowace tana zaton da shi take ja, shi kuwa yana gefe a inuwa. Abin da gatanar ke cewa shi ne ƙaramin da ba shi da ƙarfi yana iya haɗa manya biyu su gajiyar da juna, girman jiki kuma ba ya hana wauta. Magana ce ta talakan da ya daɗe yana zaune tsakanin masu ƙarfi. Ko ta cancanci koyi, wannan tambaya ce ta daban, kuma ba a isa gare ta sai an fara amsa cewa abin da aka ce ke nan.

Inda lamarin ya fi zama na amana shi ne lokacin da marubuci ya faɗi abin da ba mu so ya faɗa ba, ko ya yi shiru inda muke so ya yi magana. Misalin da na fi komawa gare shi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, cikin littattafan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Jigonsa a fili yake: bauta. An sace yaro, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta sha azabar da ba ta faɗuwa, ta gan shi bayan shekaru, ba a jima ba ta rasu. Labari ne da ya shafe mu kai tsaye, tun da ayarin Kano zuwa Tarabulus ta ƙasarmu yake ratsawa, Damagaram kuwa babban zango ce a kan hanyar a ƙarni na 19.

Ɗalibin yau, wanda aka haifa bayan dokar 2003 da ta mai da bautar da mutum laifi a Nijar, wanda wataƙila ya ji labarin hukuncin da kotun CEDEAO ta yanke a Yamai a 2008 a kan ƙarar wata mata da aka bautar, zai rubuta ba tare da jinkiri ba cewa marubucin yana la'antar bauta. Zuciyarsa ta yi daidai, karatunsa ne bai yi ba. A koma ga littafin. Makau, mijin uwar Umar, mutumin kirki ne a idon labarin, alhali harin kamun bayi yake zuwa wa sarki. Zaluncin da labarin ya nuna an yi masa shi ne ƙazafin da mahassada suka yi masa, cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Harin kansa ba a tuhume shi ba. Abdulkarim, wanda fataucinsa ya haɗa da bayi, shi ne ya riƙi Umar riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama abin da ya zama. Mai ba da labarin kuma Umar ne da kansa, yana dattijo, a gaban almajiransa a Rauta, da muryar wanda ya ga ikon Allah cikin duk abin da ya same shi. In za a matse littafin cikin jimla, abin da ya fi kusa shi ne: Allah yana kiyaye wanda Ya so cikin kowace musiba, ilimi da haƙuri kuma suna ɗaukaka wanda duniya ta ƙasƙantar. Wahalar uwar tana nan, an zana ta yadda ba a mantawa, mai karatu kuma yana da haƙƙin ya fito daga littafin yana ƙin bauta fiye da yadda ya shiga. Amma wannan hukuncin mai karatu ne. In ya sa shi a bakin Tafawa Ɓalewa ya yi shaidar zur, ko da shaidar ta yabo ce.

Ya kuma cuci kansa, don ya rufe tambayar da ta fi kowace amfani. Me ya sa malamin makaranta mai kaifin hankali, yana rubutu shekara 30 bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, ya ga zafin raba uwa da ɗa sarai, amma bai ɗora laifin a wuyan tsarin da ya raba su ba? Ta wannan ƙofa ake shiga tarihi, ta nan ne kuma yaro zai fara tunanin cewa mutumin kirki yana iya zama cikin wani tsari bai ga bangonsa ba, har da shi mai karatun. Ɗalibin da ya riga ya yanke cewa duk marubucin kirki ra'ayinsu ɗaya da shi, ba zai taɓa zuwa nan ba.

Sarraounia na Abdulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, yana koyar da ɗaya fuskar darasin. Jigonsa turjiya ga mamayar Turawa, kuma littattafai da yawa sun raba wannan jigo da shi. Abin da Mamani ya ce a kai shi ne nasa: lokacin da rundunar Vule da Shanwan ta ratso ƙasar nan a 1899 tana ƙone garuruwa, wadda ta tsaya mata a Lugu mace ce, kuma Ba'azna, wato wadda maƙwabtanta masu sarauta suke rainawa ta fuska biyu. Wannan da'awa ce ta marubuci, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira, yana yi wa ƙasa mai shekara 20 da samun mulkin kai magana a kan inda ya kamata ta nemi jarumanta. Takardun sojan Faransa ba su ba Sarauniya wuri mai yawa ba, masana tarihi kuma sun nuna cewa littafin, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga gare shi a 1986, su ne suka kai sunanta inda ya kai. Ɗalibin da ya gane cewa Mamani wani abu yake kafawa, zai iya son littafin ya kuma tambayi abin da tsofaffin Arewa suka riƙe. Wanda ya tsaya ga "turjiya" zai haɗiye labarin da tarihin a loma ɗaya.

Yaran nan ba za su ƙare rayuwarsu suna karanta Lafonten ba. Abin da za su yi ta ji shi ne jawabi a rediyo, wa'azi a bakin kasuwa, da saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp ba a san wanda ya fara shi ba. Masu irin wannan magana duk jigoginsu kyawawa ne. Ba a taɓa yin mai neman kujera da ya ce a kan cin amana zai yi jawabi ba. Kowa zaman lafiya yake magana a kai, da martabar ƙasa, da tarbiyyar ƴaƴa. Mutum biyu za su tsaya a dandali ɗaya a kan jigon zaman lafiya, na farko yana cewa manoma da makiyaya su zauna a sake shata burtali, na biyu yana cewa ba za a ga lafiya ba sai an kori su wane daga yankin. Wanda aka horar ya tsaya ga jigo zai tafa wa duka biyun, ya koma gida ya ce yau an yi magana mai kyau a kan zaman lafiya. In an zo neman hannunsa, na biyun ne zai fi saurin samu, don shi ya fi ɗaga murya.

Akwai abokan aiki da nake girmamawa waɗanda ba su yarda da ni ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sukan ce adabi ba takardar kotu ba ne. Littafin da za a iya matse shi cikin jimla ɗaya bai cancanci shafi 200 ba. Tilasta wa yaro neman "abin da marubuci ke nufi" yana mai da kowace waƙa huɗuba. Sukan kawo L'Aventure ambiguë na Shaihu Hamidu Kan, na 1961. A ciki yayar sarkin Jallobe ta ce a kai yara makarantar baƙi, malamin allo yana tsoron abin da za su rasa, Samba Jallo ya tafi Faris ya dawo bai zama na nan ba bai zama na can ba, ya mutu a hannun mahaukaci. Wanne ne ra'ayin marubucin? Na yarda da su cewa ba na gimbiya ba ne, ba na malam ba ne, kuma wannan kansa darasi ne babba, don ɗalibai sukan ɗauki bakin tauraron da ya fi iya magana su ce bakin marubuci ne. Amma ban yarda cewa littafin bai ce kome ba. Ya ce al'ummar da aka ci da yaƙi ba ta da zaɓin da babu hasara cikinsa: in ta ƙi makarantar wanda ya ci ta, ta dawwama a ƙarƙashinsa, in ta karɓa, tana iya rasa abin da ta so ta tsare. Jimla ce, ana iya musunta, wasu ma sun musa. Wani mai karatu zai tsara ta daban, ya fi ba da ƙarfi ga addini ko ga kaɗaicin Samba, kuma tasa za ta tsaya muddin littafin ya ɗauke ta. Ƙwayar magana a adabi ba lalle ta zama ɗaya tak ba. Amma wanda ya ce littafin yana cewa makarantar boko alheri ce zalla, littafin ba zai ɗauke shi ba.

Wasu kuma ta fuskar ladabi suke tsoro: in an koya wa yaro cewa abin da ke cikin littafi da'awa ce da ake iya musu, gobe zai musa wa ubansa. Ina ganin tsari ne ke maganin wannan. Hausa tana da ƴar kalmar da ta isa: "in ji". Ɗalibi ya fara da "in ji marubucin", ya faɗi maganar yadda mai ita zai ji ya ce "haka na ce", sannan a buɗe masa ƙofar "ni kuwa a ganina". Wanda ya saba da wannan jeri ya fi wanda bai saba ba ladabi, don ya koyi sauraron mutum har ƙarshe kafin ya buɗe baki, abin da manya da yawa ba su iya ba.

Saura maganar maki, inda kowane kyakkyawan nufi yake zuwa ya tsaya. Jigo yana da daɗin gyara: kalma ɗaya, ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, malami mai aji cike maƙil zai gama tari kafin la'asar. Ƙwayar magana tana tilasta masa ya karanta hujjar yaro, ya koma ga matanin, wani lokaci ya tarar yaron ya ga abin da takardar gyara ba ta gani ba. A ajina maki 3 nake ba wannan tambaya: 1 ga cikakkiyar jimla da za a iya musu, 2 ga wuraren da ɗalibi ya nuna cikin matanin ya ce ga inda maganata ta tsaya. Wanda ya kawo ƙwayar da ta saɓa wa tawa amma ya nuna ƙafafunta yana samun 3. Wanda ya kawo irin tawa ba hujja, 1 yake samu. A jarrabawar ƙasa malami ba shi da wannan iko, takardar gyara takan zo da amsarta guda. Ƙungiyoyin malamai su ne ke da bakin kai wannan magana gaban sufetoci, kuma lokacin kai ta shi ne kafin a zauna tsara takardun gyara na karatu cikin Hausa, tun da su ba a gaje su daga kowa ba.